Ƙarfen da Na Yanke a Babur ɗin Mahaifinsa

Assalamu alaikum, 'yan uwana masu bin wannan shafi. Na ga saƙonninku, kuma kowa tambayarsa ɗaya: Rahinatu, me ya sa kika goge bidiyon babur ɗin nan? Yau zan faɗa muku, amma da sharaɗi. Kada wadda ta rubuto min "Allah sarki". Ba tausayi na zo nema ba. Kuma ban yi kuka ba, ko da Gwaggo Safara'u za ta rantse muku ta ga idona ya yi ja. Hayaƙin walda ne.

Ga wadda yau ta fara shigowa: ni 'yar Wudil ce, fannin injuna na karanta a jami'a. Da na gama bautar ƙasa aiki ya ƙi samuwa, sai na share tsohon garejin Abba, na kori kajin Umma daga ciki, na kafa teburin ƙarfe, na fara gyara wa mutanen unguwa janareto da injin markaɗe. Akwai kuma Saifuddeen, likitan dabbobi, ɗan wani ƙauye a bayan Indabo, wanda aka tsayar da magana baffanninsa za su zo tambayar aurena ranar Asabar. A makon da ake wannan shiri ne na gano cewa na yi wa mahaifiyarsa dariya a gaban duniya, da bakina da ƙafata, alhali ko ganinta ban taɓa yi ba.

Bari in koma baya kaɗan.

Waɗanda suka daɗe da ni sun san abin da na sha a kan garejin nan. A ajinmu mu biyu ne mata, ɗayar ma ba ta kai ƙarshe ba. In na je kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano neman kayan gyara, sai mai shago ya riƙa leƙa bayana yana neman namijin da ya aiko ni. A gida kuwa Gwaggo Safara'u, yayar Abba da ke zaune da mu tun rasuwar mijinta, ba ta iya wuce ƙofar garejin bakinta a rufe.

"Rahinatu, miƙo hannun nan in gani."

In miƙa mata.

"Yanzu wannan za a sa wa lalle? Mai ƙunshi za ta ce wa ya riga ta."

"Gwaggo, sabulu yana fitar da shi."

"Sabulu yana fitar da baƙin mai. Sunan fa? A ce 'yar ƙanena Halliru ce bakanike. Shi wane sabulu?"

Umma ba ta magana, ita da ido take yi. In ta ga na fito da shuɗiyar rigar aikina, na cusa ƙaramin hijabi a wuyanta, sai ta dube ni daga sama har ƙasa ta koma kan tsintar shinkafarta. Abba in aka matsa masa cewa yake, "Ku bar ta, ba sata take yi ba," ya ɗauki rediyonsa ya fita ƙofar gida.

Duk na shanye, ban taɓa sunkuyar da kai ba. Da kai a sama nake tafiya, har ana cewa ina da girman kai. Ina da shi, ban musa ba. Shi ne ya tsayar da ni a inda wasu suka gudu.

Saifuddeen shi ne namijin farko da ya shigo garejina bai leƙa bayana ba. Janareton firjin da yake ajiye allurar shanu ya kawo. Ya tsaya yana kallo har na gama, ya ce, "Sannu, Injiniya." Ba da gatse ya faɗa ba. Daga ranar sunan ya bi ni, ni kuma nake ce masa Dakta.

A farkon daminar nan ya zo da wata a-kori-kura, aka sauko da wani tsohon Honda daga bayanta. Tayoyin sun zauna, tsatsa ta cinye tankin, zanzaro ya yi gini a bakin salansa.

"Na Babanmu ne," in ji shi. "Tun rasuwarsa yake jingine a ɗakin hatsi. Za ki iya tayar da shi?"

"Tayarwa kawai?"

"To me kuma ake yi wa babur?"

"Ina nufin, in yi masa yadda raina yake so?"

Daidai nan wayarsa ta yi ƙara. Saniyar wani ce ta kasa haihuwa a ruga. Ya sa wayar a kunne, ya juya zai tafi, ya ce, "Ke ce Injiniya."

Wannan maganar na riƙe. Na san ba amsa ba ce, mutum ne hankalinsa yana kan saniya. Amma na riƙe ta, don ita nake so in ji.

Ga dalili. Na yi shekaru ina kallon wani irin babur a waya, wanda ake kira boba. Tsohon babur ake samu a sauke masa duk wani tarkace, a datse masa wutsiya, a cire kariya da doguwar kujerar nan, a bar masa sirdi guda na mutum ɗaya, ya koma gajere, a tsuke, kamar ɗan dambe ya tuɓe riga. Ban taɓa ganin mace ta haɗa irinsa a ƙasar nan ba. Ina so in zama ni ce. Kuma ga babur ya kawo kansa har ƙofata.

Ba a jima ba aka tura su Saifuddeen rigakafin shanu can dazukan kudancin jiha, inda sai mutum ya hau tudu yake samun sabis. In ya samu, saƙonsa ba ya wuce, "Injiniya, ya mara lafiyarmu?" Ni kuma in rubuta, "Yana samun sauƙi, za ka sha mamaki." Hoto ko ɗaya ban tura masa ba. Na ce wa kaina mamaki nake so in ba shi. Yanzu da nake rubuta muku, na san tsoro nake ji kada ya ce a'a.

Aikin dai na yi shi, wannan ba mai ƙwace min. Na buɗe injin na wanke shi da kananzir, na sauya ringi da fulogi, na kwance kafireto na busa kowace kafa. Tankin na kankare shi har farin ƙarfe ya fito, na fesa masa baƙin fenti mai sheƙi. Sirdin da hannuna na lanƙwasa farantinsa, na kai wa wani baduku a kasuwa ya lulluɓe shi da jar fata. Salansar na rage mata tsawo don muryar ta yi kauri. Sai ranar datse wutsiya.

A gefen hagu na baya akwai wani faffaɗan ƙarfe da aka yi wa walda, mai faɗin tafin ƙafa. Ba matakin kamfani ba ne. Ya fi inda ake sa mataki tsawo sosai, kuma ba shi da ɗan uwa a dama. Waldar ta yi tudu kamar an zuba kunu ya daskare. Tsakiyarsa ta yi sumul tana ƙyalli, duk da tsatsar da ta cinye gefunansa. Na ga wannan ƙyallin da idona. Ban tsaya na tambayi kaina me ya goge shi ba.

Na jingine waya a jikin gwangwanin giris, na kunna injin yankan ƙarfe, na sare shi. Sannan na ɗaga shi a gaban kyamara. Waɗanda suka kalla sun san abin da na ce, amma zan maimaita don kada in sauƙaƙa wa kaina.

Na ce, "Jama'a, ku ga aikin ƙauye. An ɗauko murfin tukunya an liƙa wa babur. Gefe guda, kuma can sama, sai ka ce don gurguwa aka yi shi."

Sai na ɗingisa a gaban kyamarar, ina dariya, na jefa ƙarfen cikin tarin ɓaraguzan da ke ƙarƙashin tebur.

Bidiyon ya yi tafiya. Kun yi ta turo min dariya da alamar wuta. Wasu samari masu son babura a Kano suka ce in kawo shi taronsu in na gama. Har Gwaggo, da aka nuna mata, ta ce, "To, ashe shirmen yana da 'yan kallo."

Ranar Laraba ina ɗaure fitilar gaba, saƙon murya ya shigo daga Suwaiba, ƙanwar Saifuddeen. Mun saba gaisawa ta waya, tana ce min Anti Injiniya. Wannan karon ba ta ce ba.

"Rahinatu, ina wuni. Bidiyonki ya iso garinmu. A wajen suna wata ta kunna shi, mata suka zagaye wayar. Inna tana wurin." Ina jin kukan akuya a bayanta. "Wataƙila ba ki sani ba. Inna ta yi shan inna tun tana yarinya, ƙafarta ta hagu gajera ce, ba ta kaiwa matakin babur. Baba ne ya sa aka yi mata wannan ƙarfen a shekarar aurensu. A kansa ta je awon cikinmu duka, a kansa ta je jana'izar mahaifiyarta. Tun da ya rasu ba ta hau babur ɗin kowa ba, ga hanyarmu da damina mota ba ta shiga sai an yi sa'a. Ita ta ce min in gaya wa Yaya ya kai a tayar da shi, don ta riƙa zuwa asibiti ba sai an cicciɓe ta ba. Kin san ɗan fari ne, ba ta yi masa magana kai tsaye, ko sunansa ba ta faɗa. Shi ke nan abin da zan ce."

Na saurara a tsaye. Na sake saurara a zaune a kan bokiti. Na dubi ƙafata ta hagu, wadda na ɗingisa da ita, na ji kamar ba tawa ba.

Na goge bidiyon. Amma wanda ya riga ya shiga wayoyin matan ƙauye ba ni da hannun goge shi.

Da yamma saƙon Saifuddeen ya shigo. Ashe ya dawo.

"Na ga bidiyon."

Me kuke tsammani na rubuta? Ku da kuka san ni kun riga kun sani. Ban ce ka yi haƙuri ba. Na rubuta, "Ai ba ka faɗa min ba. Da ka ce min ƙarfen na Inna ne wa zai taɓa shi? Kai ka ce ni ce Injiniya."

Ya karanta. Ya fara rubutu, ya daina, ya sake farawa.

"Ban saba kwatanta Inna da ƙafarta ba."

Daga nan bai ƙara ba. Na tura haƙuri, na tura saƙon murya, na kira. Yana gani, ba ya amsawa.

A cikin gida kuwa shiri ake yi. An wanke labulen falo, an aro manyan kuloli daga maƙwabta, Umma ta fito da atamfar da zan sa, koriya mai zanen ganye, da mayafi ruwan madara. Ban gaya wa kowa ba. Na yi ta shiga ina fita kamar lafiya. Da daddare tuwo ya ƙi wuce min, Gwaggo ta ce, "Amarya ta fara azumin kunya," aka yi dariya, har da ni.

Ranar Juma'a da hantsi, gari ya cika da motocin kasuwa, tsakar gidanmu ya cika da ƙamshin dubulan. Umma tana bakin kasko, Gwaggo tana tsoma wanda ya soyu a ruwan sukari tana ɗanɗana fiye da yadda take jerawa. Ni ina gareji, na ɗaga ƙofar waje rabi don iska, ina zaune ina kallon babur ɗin. Ya yi kyau. Wannan ne ya fi ci min rai. Baƙi wuluk, jan sirdinsa yana ɗaukar ido, babu inda mutum na biyu zai ɗora ko gefen cinya.

Sai wata a-kori-kura ta tsaya a ƙofar gida, cike da buhunan masara. A saman buhunan wata dattijuwa ce zaune da shuɗin mayafi, kusa da ita wata budurwa. Budurwar ta diro. Na gane ta daga hoton wayarta, Suwaiba ce. Direban ya zagayo, shi da ita suka kama dattijuwar, ɗaya a hammata ɗaya a ƙafafu, suka sauko da ita kamar yadda za su sauke buhu. Masu wucewa suna kallo. Ita kuwa ta kafe idonta a sama, fuskarta ba ta nuna komai ba, har aka dire ta aka miƙa mata sandarta.

Na so ƙasa ta buɗe. Na so in ja ƙofar in kulle kaina. Ban motsa ba.

Suka yi sallama suka shiga ta zaure. Ina jiyo Umma ta saki matsami a kasko.

"Maraba, maraba. Sannunku da zuwa. Daga ina?"

"Daga bayan Indabo," in ji Suwaiba. "Innarmu ce. Mahaifiyar Yaya Saifuddeen."

Uwar saurayi ba ta zuwa gidan budurwa ana gobe tambaya. Kowa ya san ba lafiya ba.

Aka shiga gaisuwa. Ina kwana, ina gajiya, ya damina, ya mutan gida, ya hanya, ya muka ji da ruwan bana. Inna Juwairiyya, haka sunanta, tana amsawa ɗaya bayan ɗaya ba gaggawa, muryarta siririya. Umma ta ce a shiga falo, an shimfiɗa darduma.

"A'a, Hajiya, Allah ya saka. Mashin ɗin Malam na zo gani. An ce yana nan."

Sai ga su a ƙofar garejin ta cikin gida: Inna a gaba tana dogara sanda, kafaɗarta tana sauka tana tashi da kowane taku, Suwaiba a bayanta, sai Umma da gari a hannu, sai Gwaggo da dubulan a baki. Ni kuma ga ni da rigar aiki, ba mayafi, hannu baƙi ƙirin. Haka mai shirin zama surukata ta fara ganina a fili.

Na durƙusa har ƙasa. "Ina kwana, Inna."

"Lafiya lau. Ke ce Rahinatu?"

"Ni ce."

"Kin fi tsawo a waya."

Suwaiba ta jawo mata benci ta zauna. Ta daɗe tana kallon babur ɗin, daga fitila har inda wutsiya ta ƙare ba shiri.

"Yana tashi?"

"Yana tashi, Inna."

"Tayar in ji."

Na miƙe na taka shi. Bugu ɗaya ya kama. Garejin ya ɗauki ruri, kwanon rufi yana karkarwa, kajin Umma suka watse. A wata ranar da na yi murmushi. Inna ta karkata kai tana saurare, sannan ta ɗaga hannu. Na kashe.

"Ba muryarsa ba ce," in ji ta. "Shi in Malam ya dawo daga masallacin Juma'a, sai ya zo ƙofar gida nake sanin ya iso."

"Salansar na rage, Inna."

"Ita ma?"



Gwaggo ta haɗiye abin da ke bakinta. "Wai me ake ciki ne? Ke Rahinatu, wani abin kika ɓata?"

Suwaiba ta ciro waya, ta matsa kusa da Umma ta kunna. Na ji muryata ta cika garejin, tana dariya. Aikin ƙauye. Murfin tukunya. Gurguwa. Umma ta kalla har ƙarshe, har ɗingishin. Sannan ta dubi ƙafar Inna da ke lilo ba ta taɓa ƙasa ba, ta dube ni. Na saba da kallon Umma, amma wannan ban taɓa ganinsa ba. Ba fushi ba ne. Kamar ita ce ta yi.

"Hajiya," in ji Umma, "ni na haife ta. Ki ɗora min."

Ta fara sunkuyawa za ta durƙusa. Umma, da ciwon gwiwarta, a kan simintin da ya sha baƙin mai.

"Umma, kada ki yi," na ce. "Ni na yi. Inna, ni na yi. Ba wanda ya sa ni, kuma ba wanda ya koya min a gidan nan. Na ga ƙarfen ya goge a tsakiya, na san ƙafar mutum ce ta goge shi, ban tambaya ba don kada a hana ni abin da nake so. Ki yafe min."

Ban taɓa jin bakina ya faɗi irin wannan ba. Ya fito da ƙyar, kamar ana zare ƙusa mai tsatsa.

Inna ba ta ce ta yafe ba. Ta ce, "Ina yake?"

Na shiga ƙarƙashin tebur da rarrafe, ina ture guntayen bututu da tsofaffin sarƙoƙi, har na lalubo shi. Na miƙa mata da hannu biyu. Ta ɗora shi a cinya, ta goge ƙurar da gefen mayafinta.

"Gurguwa ce ni, ba ƙarya kika yi ba," in ji ta. "Tun ina yarinya ake faɗa, ba ya min ciwo. Waɗanda suka kunna min ma suna faɗa a bayana. Abin da ya min ciwo, kin ce aikin ƙauye. Malam sau uku yana mayar da mai waldar, wai bai yi daidai da ni ba."

Gwaggo ta gyara murya. "Hajiya, yarinta ce. In don mashin ne, Halliru zai nemo wani. Kada a ɓata abin alheri, ga shi gobe gobe..."

"Goben nan babu mai zuwa. Na aika wa ƙannen Malam tun jiya."

Umma ta dafa bango. Daga tsakar gida ƙaurin dubulan ya fara shigowa, ba wanda ya tafi ya sauke.

Na ce a raina, shi ke nan, Rahinatu, kin haɗa boba kin kwance aure. Amma bakina, da ba ya iya zama, ya riga ni.

"Zan mayar da shi, Inna. Ba don goben ba. Ko ba za a zo ba har abada, zan mayar. In ƙera sabuwar wutsiya, in sa doguwar kujera, in nemo salansa irin tasa. Ƙarfen nan ma zai koma. Sai dai inda yake zaune na riga na sare, ban san tsawon ba."

Ta dube ni sosai, karo na farko ido cikin ido.

"Jan sirdin fa? An ce mutanen Kano suna jiransa."

"Su jira."

"Hm."

Ta juya wajen Umma. "Hajiya, kina da tabarmar baƙo?"

"Akwai ɗaki ma, Hajiya."

"To zan ɗora miki nauyi. Yau an cicciɓe ni an hau da ni, an cicciɓe ni an sauke, duk kasuwa tana kallo. Ba za a ƙara ba. Da ƙafata zan hau abin da zai mayar da ni gida. In mako ne mako, in wata ne wata."

Uwar saurayi ta tare a gidan budurwa, ba aure ba, ba tambaya ba. Kafin la'asar duk unguwa za ta ji, kuma za ta ji dalili. Umma ta san haka. Ta ce, "Gidanki ne."

Na jawo igiyar awo daga kan tebur, na durƙusa a gabanta. Ta kawar da ita da bakin sanda.

"Ba da wannan ba. Malam da tafin hannu ya auna."

Ta ja zaninta sama kaɗan. Ƙafar siririya ce kamar ta yarinya, tafin ya lanƙwashe ciki. Na dubi hannuwana.

"Inna, bari in wanko."

"Bar shi. Ai da shi kika yanke."

Na ɗora tafina a diddigenta. Fatar da sanyi. Na ɗora ɗayan a samansa, ina hawa zuwa gwiwa, kowane tafi yana barin baƙin shaida a jikinta.

Sai muka ji sallama daga waje. Muryar da na yi kwanaki ina roƙo a waya. Ta ƙarƙashin ƙofar da na ɗaga rabi ina hango ƙafafunsa kawai, takalman aikinsa sun sha taɓo har idon sawu. Daga gani ya je gida bai same ta ba, ya biyo sawu.

Inna ta juyar da fuskarta bango, ta ja mayafi.

"Suwaiba, ki ce wa wancan kada ya shigo. Tsakanina da yarinyar nan ne."

Suwaiba ta sunkuya ta faɗa masa. Takalman suka tsaya a inda suke. Ina kallonsu, ina jira ya kira sunana, ko ya ce Injiniya, ko da da faɗa ne. Can sai suka juya, suka bar ƙofar.

Ban san na ɗago ba sai da na ji sanda ta taɓa min kafaɗa.

"Kin motsa hannu," in ji Inna. "Sake daga diddige."